Ƙwaryar Nonon Yaya

Yayana ne ya fara goya injin feshi a ƙauyenmu, can gefen Zurmi. Da maganin ciyawa ya shigo, mutane suka jingine fartanya, Yaya ya zama ɗan gaban goshin kowa. Yau gonar gero, gobe ta wake, har daga Birnin Tsaba ake zuwa ɗaukarsa a babur.

Ba takalmi, ba ƙyallen rufe hanci. Da hannu yake gauraya maganin a bokiti kamar mai dama fura. In bakin injin ya toshe, sai ya kwance shi, ya sa a baki ya hura, ya tofar, ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa, ƙanwarsa, tsokana kawai na iya. Nakan ce warinsa ya kori sauron gidan kaf, ya yi dariya ya kawo mini duka da hula.

Inna ce mai tsoro, amma tana da dabararta. Duk garin an yarda nono yana wanke guba, don haka kullum ya dawo zai tarar da ƙwaryar nono a gindin rumbu, an rufe da faifai. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, wanga yaro, shanye shi duka," in ji ta. "Shi ka wanke ciki."

Ya shanye, ya kife ƙwaryar, hankalinta ya kwanta. Namu ma.

Wata damina ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Muka kai shi asibiti a Kaura. Likita ya tambayi sana'arsa, ya ji, sannan ya ce ƙoda ta gaza. Ya tambaya ko ba mai karatu a gidan da zai duba gargaɗin da ke jikin galan ɗin. Ni ce malamar firamare. Galan ɗin nan shekara da shekaru yana bayan ɗakina, ban taɓa juya shi na karanta ba. Har yau ina jin haushin kaina.

Bai ga girbin geron da ya fesa ba.

Bayan sadakar bakwai na tarar da Inna zaune a gindin rumbu, ƙwaryar a cinyarta, tana shafa bakinta da yatsa. Ba ta ɗago ba.

"Ke da kin yi boko, gaya min gaskiya," ta ce. "Ko ƙwaryar ta yi ƙanƙanta?"