Ranar da Kayan Sauti Suka Sauke Jeren Yaya

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun gushe mini, har sunayen wasu 'yan ajinmu sai na yi ta lalube, amma yinin da aka yi buɗar kan Yayata a Tarauni yana nan daram a kaina, kuma na san ba zai taɓa barina ba. Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, katangun Gyadi-Gyadi duk fastocin 'yan siyasa ne, wani a kan wani. Ina ƙaramar sakandare. Ni ba mai magana ba ce. In an taru ana hira, nakan samu lungu in zauna, in yi ta kallon hannuwan mutane da takalmansu.

Yaya ita ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta ko kiran sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan". Wanda za ta aura malamin jinya ne a asibitin koyarwa, ya kama hayar ciki da falo a Tarauni. Tun Yaya tana firamare Inna take tara mata tangaran, farare masu shuɗin fure da zanen ruwan gwal a baki. Yau faranti, wata shekarar kofuna, can a samu butar shayi. Tana naɗe su da tsofaffin zannuwa a cikin kwalaye a ƙarƙashin gado. Kowace shekara bayan ƙaramar salla sai ta fito da su ta wanke, ta goge, ta mayar. Ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki da sunan sha ba. Burinta ɗaya ne, ranar da dangin miji za su shigo ɗakin 'yarta su tarar da su a jere.

Baba kuma nasa burin daban ne. A shekarun nan aka fara yayin kayan sautin da ake kira hom tiyata, wato na'urar faifan bisidi da ƙananan sifikoki biyar da wani babba mai kama da akwati, wanda ake ce wa wufa. Baba ya ga irinsu a gidan abokin aikinsa, ya dawo ya ce 'yarsa ba za ta tare da rediyo mai kaset ba. Ranar da za a sayo, ya tafi da Kawu, ƙaninsa direban hayis, ni kuma aka tafi da ni don a gwada mini takalmin makaranta.

A shagon an jera su iri-iri. Baba bai tambayi sunan kamfani ba. Ɗaga kowace wufa yake yi yana jin nauyinta, wai mai nauyi ita ce mai ƙarko. Kawu shi kuma sai ya sa a ƙure murya, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya lumshe ido.

"Yaya, wannan ce," ya ce wa Baba. "Ka ji har a haƙarƙarina."

"Ɗakin amarya za a kai, ba tashar mota ba," in ji Baba.

"To ai amaryar ma kunne gare ta."

Ita aka ɗauka. Mai shagon ya matsa sai an haɗa da istabilaiza saboda hawa da saukar wuta, ya ce kada a toshe ramukan da na'urar take shan iska, ya kuma nuna wa Kawu yadda launin kowace waya yake bin launin raminta. A kan inda za a ajiye wufar, abin da ya ce kawai shi ne a sa ta a ƙasa.

Uwar amarya ba ta zuwa jere, balle uwar 'yar fari. Da safen da a-kori-kura ta zo ɗaukar kaya, Inna da kanta ta miƙa kwalayen tangaran, ba ta yarda wani ya taɓa ba sai da suka hau mota. Sannan ta kira ni bayan ɗaki kamar za ta aike ni sayen magi.

"Ke kike da ido," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Ki bi su. Ki duba mini yadda za a sa kayan nan, da abin da mutanen za su ce in sun gani. In an gama biki ki zo ki faɗa mini."

Gwaggo, yayar Baba, ita ce shugabar 'yan jere. Mace ce mai murya, ta yi jeren ɗakuna da yawa a dangi, ba a kuma ja da ita. An kafa shogilas, wato doguwar kabet mai ƙofofin gilashi, a bangon da yake kallon ƙofar falo. Aka goge shantunan gilashin da ake ɗora kaya a kai har suna santsi. Gwaggo ba ta kwantar da faranti. Tsayar da su take yi a kan gefensu, ta jingina su da bayan kabet, don furen ya kalli mai shigowa. Kofuna a gabansu, kowane hannu ya juya dama. Butar shayi a tsakiyar shantar sama. Na tsaya na haddace komai saboda Inna.

Da aka zo kan kayan sauti, sai aka bi da su yadda aka bi da tangaran. Ƙananan sifikokin nan biyar aka jera su reras a saman shogilas, kowace da ɗan ƙyallen saƙa a kanta. Wufar kuwa Gwaggo ta ce baƙin akwati ba zai zauna mata a tsakar ɗaki ba. Akwai wani fili a ƙasan shogilas ɗin, da aka tura ta sai ta shige cif, kamar don ita kafinta ya yi shi. Mata suka yi ta murna da wannan dacewa.

Sai da aka gama aka bar Kawu ya shigo haɗa wayoyi. Ya tsaya ya dubi saman kabet.

"Gwaggon yara, biyu daga cikin nan ai a bayan kujera ake sa su."

"A bayan kujera? Ɗan'uwana ya sayi abu da guminsa, in ɓoye shi a bayan kujera? Wa zai gani?"

"Ba gani ake yi ba, ji ake yi."

"Kai ka san mota, mu muka san ɗaki. Haɗa wayarka ka ba mu wuri."

Ya haɗa, ya zura filogin a soket ɗin da ke bayan shogilas, aka sake matsa ta jikin bango. Babu wuta a ranar, haka ma washegari da aka kai amarya. Saboda haka ba a gwada ba. Yanzu in na tuna, babu wanda ya yi sakaci da gangan a ɗakin nan. Kowa abin da ya iya ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Ranar buɗar kai, bayan azahar, dangin ango mata suka cika falon. Yaya tana zaune a kan kafet a lulluɓe da mayafi, kanta a ƙasa, ni ina gefenta. Amarya a wannan zama ba ta magana, ba ta ɗaga kai, ba ta tashi, ko da kuwa ƙuda ne ya dame ta. Gwaggon ango, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta shigo ta tsaya a gaban shogilas ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Masha Allah. Uwar yarinyar nan ta san kaya." Na riƙe maganar.

Ana cikin rabon alkaki da dubulan sai fanka ta motsa. Yaran waje suka kwashe da ihun an kawo wuta. Ƙanwar ango, wata ɗalibar makarantar jinya mai rawar kai, ta yi wuf ta ɗauki rimot, ta zaro faifan kiɗan biki daga jakarta.

"Bari mu ji ko kayan amaryarmu na ado ne kawai."

"Na ado?" in ji Gwaggo. "Ƙure shi, 'yar nan. Ku a gidanku kun taɓa jin irinsa?"

Ta ƙure. Gangar farko da ta buga, na ji ta a tafin ƙafata. Mata suka ɗau guɗa, aka ture tabarmi, fili ya buɗe. Gwaggo ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga, dangin ango suka shiga don kada a fi su.

Ni abin da na fara ji wani ɗan siririn ƙara ne a ƙarƙashin kiɗan, kamar cokali yana taɓa kofi. Na ɗaga kai. Kofunan shantar sama suna rawa a kan 'yan farantansu. Hannun wani kofi da na san dama yake kallo ya koma kallon ƙofa. Farantan da aka tsayar kuwa, duk bugun ganga sai gindinsu ya ɗan zamo gaba a kan santsin gilashi. Kaɗan-kaɗan, yadda in ba ka san inda suke da farko ba ba za ka lura ba.

Na sunkuya na raɗa wa Yaya. Ta cikin mayafin na ga ta ɗago ido, ta gani, ta mayar da kanta ƙasa. Ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, sannan ta tura ni. Iyakar abin da amarya za ta iya ke nan a gaban dangin miji.

Na miƙe na kutsa cikin masu rawa. Na ja zanen Gwaggo na ce, "Tangaran!" Ta dube ni tana dariya, ta kama hannuna ta juya ni, ta zaci rawa na fito yi. Har wata ta manna mini kuɗi a goshi tana cewa yau kurma ta yi baki. Na nemi mai rimot, tana can bakin ƙofa tana kiran ƙawayenta. Na nufi soket, sai na tuna yana bayan shogilas. Na durƙusa ina laluben maɓallin na'urar a ƙarƙashin ƙyallen da aka rufe ta da shi, a lokacin ne babban farantin sama ya kwanta, ya tunkuɗe butar shayi, butar ta bugi ƙofar gilashi ta buɗe.

Ba a tare suka zubo ba. Shantar sama ta fara, nauyinta ya karya ta biyu, ta biyu ta sauke ta uku. Wata mata ta fizge ni baya. Aka daina rawa, amma kiɗan ya ci gaba da bugawa shi kaɗai na ɗan lokaci, kafin ƙanwar ango ta gano inda ake kashewa. Sifikoki biyar ɗin suna sama da ƙyallayensu, ko gezau.

Aka yi ta salati. Aka duba ƙafafun yara. Gwaggon ango ta ce a kawo tsintsiya, ta hana kowa taka wurin, ita da kanta ta buɗe kan Yaya daga baya, ta yi mata addu'a kamar babu abin da ya faru. Abin da ya tsira kofuna ne kaɗan da murfin buta. Daga baya ango ya fito da wufar ya ajiye ta a kusurwa a kan guntun kafet, nesa da duk wani abin fashewa, ya kai sifika biyu bayan kujera, ya cire ƙyallen kan na'urar don ta sha iska. Kayan sun yi shekaru suna aiki lafiya. Zaɓen Baba da Kawu bai yi kuskure ba.

Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, labari sai da ƙafa. Da la'asar Gwaggo ta ce in yi gaba. "Ke uwarki ta aika. Ke za ki kai."

Na tako daga Tarauni zuwa Gyadi-Gyadi ina shirya yadda zan fara. Na tarar da Inna a tsakar gida tana kankare tukwanen biki. Ta dubi fuskata sau ɗaya.

"Inna, tangaran ɗin..."

"Fara daga ƙofa," ta ce. "In mutum ya shiga, me zai fara gani?"

Sai na fara daga ƙofa. Na faɗa mata labule, da kafet, da yadda shogilas take kallon mai shigowa. Na faɗa mata farantan a tsaye, furen yana waje, kofuna a gaba, buta a tsakiyar sama, da yadda hasken taga yake kama ruwan gwal ɗin. Ta tambaye ni ko an sa manyan a sama ko a ƙasa. Ta tambayi abin da mutanen suka ce. Na maimaita mata maganar gwaggon ango, ta ce in sake faɗa, na sake. Sannan ta ce, "To, ci gaba." Na faɗi sauran.

Hannunta bai tsaya da kankarar tukunya ba.

"Ya yanki wani?"

"A'a."

"Kuma kin ce sun gan su a tsaye, kafin nan?"

"Sun gani, Inna. Sun daɗe suna kallo."

Ta ɗauraye tukunyar ta kife. "To, sun yi aikinsu," ta ce. Ta miƙo mini wata tukunyar da soso.

Ban taɓa jin ta sake tayar da zancen ba, ko da Baba ya yi kwanaki yana cewa da ya sani da rediyon ya saya.

Abin da na koya a yinin nan shi ne, kyan abu da kyan niyyar wanda ya kawo shi ba sa hana shi ɓarna in an ajiye shi inda bai dace ba. Kayan Inna da na Baba duk don Yaya aka saye su, kuma ɗaya ne ya rushe ɗaya, saboda an tambayi yadda za su yi a ido, ba a tambayi yadda za su zauna tare ba. Shi ya sa har yau, duk abin da ya shigo gidana mai waya a jiki, ba na yanke masa wurin zama sai na kunna shi tukuna, ba baƙo a ɗakin, na ɗora hannu a kan abin da ke kusa da shi na ji ko yana rawa.