Reino Halkola da Ƙararrawa ta Arba'in da Ɗaya

Zan fara da laifina, domin ba ni da bakin yabon mamaci alhali ina riƙe da abin da ya ɓata masa suna. Shekara huɗu da suka wuce na rataye ƙararrawar da ba tawa ba, wani mutum ya rasa rabin ƙafarsa saboda haka, kuma kai, Reino Halkola, ka ɗauki laifin ka ɗora wa kanka har ka koma ga Mahaliccinka.

Ka rasu ranar Alhamis, sha tara ga Disamba, da hantsi, kana da shekara saba'in da takwas. Matarka Lempi ce ta same ka zaune a matakalar ƙofa, shebur jingine da gwiwarka, ka kwashe rabin ƙanƙarar da ta rufe hanyar gida. An yi maka addu'a a coci ranar Litinin, amma har yau ba a binne ka ba. Ƙasa ta daskare, kana ɗakin ajiya na maƙabarta sai watan Mayu. Duk sanda na wuce ta wajen gani nake jira kake yi, kuma na san abin da kake jira.

Shekara talatin da shida kai ne na ƙarshe a gudun washegarin Kirsimeti, mil biyar daga ƙofar coci, ta bakin tafki, a zagayo ta tsohon ramin haƙar tagulla. Kai ka kafa allon nan mai ƙusoshi a ƙofar coci, inda ake rataye ƙararrawar kowane mai gudu. Kowa ya cire ƙararrawarsa mai lamba ya ɗaura a ƙugu, in ya dawo ya mayar da ita da hannunsa. Doka ɗaya ka sa, cewa babu mai rataye ta wani, ko da ta matarsa ce, domin ƙusar da babu komai a kanta mutum ne da yake waje cikin sanyi. Kai kuwa kana baya da babbar ƙararrawa, ba ka wuce kowa.

Samari sukan tsokane ka. "Baba Reino, shekara nawa ko na biyun ƙarshe ba ka taɓa zuwa ba!" Sai ka ce, "Ku dai je. Duk wanda ya faɗi, ni zan kwashe shi kamar buhun dankali." Shekarar da aka yi wa tsohuwa Sylvi aikin ƙugu, awa biyu ka yi kana takawa a gefenta kana rera waƙoƙin coci da muryar nan taka mara daɗi. Ta ce ka yi wa Allah ka yi shiru, ka ce ai kyarketai kake kora mata.

Ranar da na yi laifin, gwiwata na ciwo, sai aka sa ni tsaron allo. Iskar tafki tana tasowa da ƙanƙara, numfashi yana daskarewa a gashin ido. Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshi suka cika, saura ta arba'in da ɗaya, ta Curtis Beaudoin mai gyaran motoci. Na sunkuya na ga ƙararrawarsa a ƙasa daf da ƙofa, ƙanƙara ta kusa rufe ta. Na san doka. Amma na ce wa kaina Curtis mutum ne mai gaggawa, ya dawo ya yar da ita ya tafi garejinsa. Gaskiyar ita ce sanyi nake ji, kuma ina jin ƙanshin kofi daga ɗakin ƙasa na coci. Na ɗauka na rataye.

Ashe tun wajen tashi ta faɗi daga ƙugunsa. A kwanar ramin tagulla santsi ya kwashe shi, ya gangara ƙasan hanya, ƙafa ta karye. Ka wuce ta samansa ba ka ji komai ba, domin babu ƙararrawa a jikinsa, iska kuma ta cinye kiransa. Ka iso ka ga allo cike, ka rataye taka. Sai bayan awa biyu ka lura motarsa na nan inda ya ajiye ta. Kai ka koma, kai ka same shi. A asibiti aka yanke gaban ƙafarsa ta hagu.

Kafin kowa ya dubi allon, ka riga ka cire ƙararrawar Curtis ka sa aljihu. Ka ce wa jama'a ƙusar babu komai, idonka ne ya tsufa bai gani ba. Ranar Lahadi ka same ni ina wanke kofuna, ka buɗe tafin hannunka, ga ƙararrawar a ciki.

"Marlys, na rufa miki asiri don kada su cinye ki ɗanya yau," ka ce. "Amma ba zan shiga akwati da kayan wani a aljihuna ba. Ki faɗa wa Curtis da bakinki kafin in mutu."

Na yi maka alkawari, na sa Allah shaida.

Daga nan Curtis ya riƙa kiranka makaho, da dariya a baki amma ba a ido ba. Matarsa ta daina gaishe da Lempi. Ni kuwa ina zaune a bencin gaba kowace Lahadi, ina koya wa mata Littafi Mai Tsarki, ana cewa babu mai tsoron Allah kamata. Kowace Kirsimeti ka raɗa mini, "Har yanzu ina numfashi, Marlys, amma kada ki dogara da ni." In ce sai bayan biki. Da aka kira ni aka ce ka rasu, abin da ya fara zuwa zuciyata kafin baƙin ciki shi ne yanzu babu wanda ya sani. Wannan tunani ya fi mutuwarka ba ni tsoro, domin a lokacin na ga ko wace ce ni.

Mako guda da rasuwarka muka taru a ƙofar coci don gudun bana. Lempi ta miƙo mini babbar ƙararrawarka. "Ke ya ce a ba," ta ce, ta juya ta tafi. Sai na gane abin da ka shirya. Tun da aka yanke ƙafarsa, Curtis ne mafi rashin sauri a gudun, kuma na ƙarshe ba ya wuce kowa.

Mil uku muka yi mu biyu, yana ɗingishi, ƙararrawarka na bugun cinyata. Da muka iso kwanar ramin ya nuna ƙasa da haɓarsa.

"Nan makahon naku ya bar ni, Allah ya jiƙansa dai."

"Ba shi ba ne, Curtis," na ce. "Ni na rataye ƙararrawarka."

Ya tsaya. Ya juyo ya kalle ni.

"Shekara huɗu ina zagin tsohon nan a fuskarsa," ya ce, "kina zaune kina ji?"

"Ina ji."

Muka ƙarasa har ƙofar coci. Ya rataye tasa da hannunsa, ya wuce kofi bai sha ba, ya nufi wajen Lempi ya cire hula ya tsaya a gabanta. Ni bai ce ya yafe mini ba, kuma ban roƙa ba tukuna, domin ban ga da wane baki zan roƙa ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Reino da jinƙai, ka ba shi hutawa, ka saka masa da nauyin da ya ɗauka ba nasa ba. Ka ƙarfafa Lempi da 'ya'yansu Aila da Carl, ka ba su haƙurin wannan rashi. Su sani, garin nan ma ya sani, idon mahaifinsu lafiya lau yake, bai taɓa barin kowa a hanya ba.

Reino, ka ce in faɗa kafin ka mutu. Na faɗa bayan mutuwarka da kwana bakwai. Ban cika alkawarin ba.