Ranar da Maman Chidi ta yabi jaririyarmu

Wata Asabar ce cikin daminar 1992, ruwa ya ɗauke ke nan, tsakar gidanmu na Suleja duk caɓi, kaji sun taru gindin rumbu suna karkaɗe jiki. Umma ta gama yi wa ƙanwata Sa'a wanka, 'yar wata biyu, tana shafa mata man kaɗanya. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa, rabi a kwano rabi a baki. Sai ga Maman Chidi ta fito da bokiti. Sabuwar 'yar haya ce, 'yar Kudu. Tun da gwamnati ta tare a Abuja kowa a garin ya zama mai gidan haya, mu ma Baba ya kwashe doya daga ɗakin ajiya ya sa masa ƙofa. Ta tsaya a kan jaririyar ta tafa hannu, ta dinga zuba Turanci: "Fine baby, so fat, see her eyes."

Kaka, mahaifiyar Baba, tana kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Kai ɗan boko, me take cewa?" Ni kuwa a makon nan malamarmu ta aji huɗu ta rubuta mana "compliment" a allo, ta ce shi ne yabo, kuma alamar wayewa ce: in an yabe ka, ka dubi mutum cikin ido ka ce "thank you". Har jera mu ta yi biyu-biyu muna yabon juna, wani yaro ya rasa abin yabo a jikina ya yabi kunnuwana. To sai na miƙe na fassara tas, ƙiba da idanu da komai, na juya na yi godiya a madadin gida. Kaka ta ajiye faifai, ta yi tofi, ta ja zane ta rufe Sa'a. "Wannan 'yar mummunar? Kai kamar gora." Maman Chidi ta tambaye ni me tsohuwa ta ce. Ita ma na fassara mata tas. Ta koma ɗaki ba ta ɗebi ruwan ba.

Na wuni kaina a ɗaure. Kaka ce ke goya Sa'a daga safe har azahar, ta ƙi ba kowa, amma ita ce mai zaginta. Wadda ta yaba kuma ta zama mai laifi. A makaranta in ka sunkuyar da kai an ce ba ka waye ba, a gida in ka ɗago an ce ba ka da kunya. Na tambayi Umma a bakin rijiya, ta ce ba a yabon jariri haka tsirara, baki na kama shi, sai an haɗa da tubarkalla. Na ce to Turawa fa, nasu jariran ba sa jin baki? Ta ce in ja guga.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama Sa'a. A asibiti aka ce cizon sauro ne, Kaka ta ce sauron ma aiko shi aka yi, kuma ƙarshen wata matar nan ta nemi wani gida. Baba ya sosa ƙeya. Ni abin ya fi taɓa ni, domin ɗanta Chidi ne abokina na langa da farautar gyare, da shi muke korar tsuntsaye a gonar shinkafa, kuma shi kaɗai ke da ƙwallon fata a layinmu. Na samu mahaifiyarsa tana auna garin rogo, na yi mata bayani da guntun Turancina, bayanin da ni kaina ban gane ba. Ta dube ni, ta ci gaba da awonta.

Da Sa'a ta warke, Maman Chidi ta zo har tabarmar Kaka ta durƙusa, ta leƙa jaririyar, ta haɗa fuska ta ce da Hausarta, "Mummuna. Tubarkalla." Kaka ta yi dariya har ƙwalla, ba a ƙara maganar tashi ba. Ƙarshen zango Chidi ya zo na ɗaya a aji, Kaka ta damƙa masa ƙuli-ƙuli tana cewa, "Mai ƙaton kai, mijin banza, ni na fasa auren." Uwarsa ta juyo gare ni da ido. Na ce, "She say well done." A raina ban tabbata ko ƙarya na yi ko gaskiya ba.

Sun zauna da mu har muka shiga sakandare, sannan suka koma garin Madalla. Ni kuma yawon kasuwanci ya kai ni Ikko da Akara ta Gana da Jidda, na koyi yabo da karɓar yabo a bakuna iri-iri. Yanzu ana haihuwa da safe, kafin la'asar hoton jariri ya zaga duniya a waya, kowa na rubuta masa kalmomi masu daɗi, babu mai jan zane ya rufe shi. Ni ma ina rubutawa. Amma tun da Kaka ta rasu, ban ƙara samun wanda ya zage ni na ji daɗi ba.