Gaisuwar da Aka Kai Gindin Tukwane

A wannan watan Khali Bakur ya cika shekara takwas da rasuwa. Ƙanen mahaifiyata ne. Mu haifaffun Jidda Khali muke cewa, ku na gida ku ce Kawu. Bari in faɗi abin da wasu za su tsaya nema a ƙasan magana, don kowa ya huta: ɗan daudu ne. Wanda zai ajiye jaridar daga nan ya ajiye, ba na riƙe kowa.

A unguwar Mahjar aka haife shi, a gidan da kakanninmu suka kafa bayan sun zo aikin Hajji ba su koma ba. Tun yana yaro tafiyarsa ta tsone wa mazan gidan ido. In yana magana hannunsa na riga bakinsa, kuma ya fi son zama wurin murhu da zama wurin ƙwallo. Babban yayansu, Khali Umar, ya yi duka har ya gaji. Daga baya ya tattara masa kaya a buhu ya ajiye a ƙofar gida. Ban ga wannan da idona ba, ba a haife ni ba, amma Ummi ta taɓa nuna min ƙofar.

Khumra ya nufa, can gefen Jidda. Wanda bai san Khumra ba, ya ɗauki sito a jere har inda ido ya tsaya, ya ƙara garejin manyan motoci da ɗakunan lebura, ya zuba warin gas da zafi a kai. Babu wanda ke zuwa can don sha'awa. Amma Khali ya ce min abin da ya ƙaunace ta da shi ke nan: kowa a can yana da abin da ba ya so a tambaye shi, wani iƙama, wato takardar zama, wani kafili, wato ubangidan da ya gudu ya bari, wani matar da ya yi shekaru bai aika mata ba, don haka ba mai tambayar wani. Ya samu rumfa a bayan wani sito, ya ɗora tukunya. Tuwo da miyar kuka da rana, masa ranar Juma'a. 'Yan dako suka fara kiransa Hajiya don tsokana. Yakan ɗaga ludayi ya ce, "Na'am, ɗan Hajiya, miƙo kwanonka." Da suka ga tsokanar ba ta kama shi, sunan ya zauna ya zama na girmamawa. Na ji Bangali da Bayamane suna cewa Hajiya da ladabi, kamar suna gaida uwarsu.

A can ya haɗu da Ilu. Mutumin Maraɗi ne, dogo, marar magana, ya zo Umra ya zarce ya kama dako. Ɗaki ɗaya suke tun ina goye. A gidanmu in ya zama dole a ambace shi sai a ce "wannan mai taya shi aiki". Ilu bai taɓa taya kowa tuƙa tuwo ba sai a ƙarshe. Abin da na gani shi ne, in Khali ya tashi daga gaban wuta Ilu ne ke jiƙa tawul ya ɗora masa a wuya. Da ciwon suga ya ci masa ƙafa, Ilu ne ke wanke gyambon safe da yamma, Khali na zaginsa wai hannunsa kamar na mai sauke siminti, shi kuwa sai ya ce "dakor", wato to, ya ci gaba da wankewa.

Ni na fara zuwa can ne ina sakandare, lokacin da gidanmu ya yi min zafi. Kullum magana ɗaya: ba na tafiya kamar mace, ba na dariya kamar mace, in an kai ni biki ina tsaye a gefe kamar mai gadi. Wata rana na hau mota ban gaya wa kowa ba, na sauka a Khumra. Khali ya kalle ni daga sama har ƙasa, bai tambaye ni komai ba, ya miƙo min albasa da wuƙa ya ce yalla, fara. Sai da na gama yankawa, hawayen albasa da na gaske sun haɗu, ya ce, "Uwar gaggawa, ba abin da ya lalace a jikinki da za a gyara. Ki yi sallarki, ki koyi sana'a, ki daina bayani." Ban taɓa gaya masa abin da ke raina ba. Bai buƙata ba.

Ya rasu da rana tsaka, a gaban tukunya. Ilu ba shi da takardar zama, don haka bai iya bin gawar zuwa asibiti ba, sai ya kira ni a waya, ni na kira Ummi. Daga nan dangi suka karɓi komai. Mutumin da suka fitar da kayansa a buhu, suka dawo da shi Mahjar a mace.

Sai in yi wa na gida bayanin yadda muke zaman makoki a nan, don a kansa maganar take. Kwana uku ne, ana ce masa aza. A tare titi a jera kujeru, a rataya fitilu. Masu rashi su zauna a sahu ɗaya suna fuskantar jama'a. Duk wanda ya zo sai ya bi sahun, ya dafa kafaɗar kowa ya yi masa gaisuwa, sannan ya zauna a ba shi gahawa. Mata suna cikin gida da nasu sahun. Wanda ke cikin sahu shi aka yi wa mutuwa. Wanda ya bi layi baƙo ne. In kwana ukun nan suka cika an kwashe kujeru, halas, an gama, ba a sake gaisuwa.

Khali Umar ya aika Khumra cewa kada ya ga Ilu ko abokan Khali a kan kujera, abinci ma ya riga ya yi oda. Ilu ya aiko da amsa cewa mutumin da ya ciyar da Khumra ba za a yi masa sadaka da abincin saye ba. Suka zo a bayan ƙaramar motar kaya, shi da abokan Khali su huɗu, da manyan tukwanensa, suka kafa murhu a lungun da ke bayan gidanmu. Khali Umar ya ƙyale su ne don ya san jama'a za su ɗauka masu dafuwar haya ne. Haka kuwa aka ɗauka. Na ji wani dattijo ya leƙa lungun yana ce wa Ilu ya rage gishiri gobe.

Daren farko bayan magariba ina leƙe ta tagar sama. Sai ga Ilu ya wanke hannu, ya sa farar riga, ya bi layi. Ya dafa kafaɗar Khali Umar ya ba shi haƙuri. Ya dafa ta 'ya'yansa, waɗanda ko ɗakin Khali ba su sani ba, ya ba su haƙuri. Ya gama sahun, bai zauna ba, ya koma lungu. Washegari ya sake yin haka. Shekara takwas ke nan, har yau ban manta ba.

Rana ta uku da la'asar na samu Ummi a ɗaki. Ummi ba mai faɗa ba ce, amma ba ta taɓa saɓa wa yayanta ba. Ta sha aika wa Khali turare da magani ta hannuna a ɓoye, sunan Ilu kuwa ban taɓa ji a bakinta ba. Na ce mata yau ake kwashe kujeru. Ta ce ta sani. Na tambaye ta wa ya wanke ƙafar, wa ya rufe masa ido, wa zai koma ɗakin nan shi kaɗai yau. Ta ce in rufe mata baki, gida cike da mutane. Na ce na rufe. Na fita na buga ƙofa, don ni ban iya fita a hankali ba.

Ina tsaye a lungu ina taya su tsince shinkafa sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Ummi ce, da abaya da niƙabi. Abokan Khali suka daina hira. Ilu na riƙe da muciya, ya matsa gefe, ya ɗauka wucewa za ta yi. Ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Malam Ilu, Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya ba ka ladan rashin nan."

Ya rikice. Ya fara cewa a'a Hajiya, ai ku ne, ku aka yi wa.

Ta ce, "Halas. Mu ƙane muka rasa. Na san abin da ka rasa." Ta juyo ta ce min, "Ke, tsayuwar me kike yi? Ɗauko masa kujera."

Na shiga sahun mata na zare kujera ɗaya a gaban kowa. Wata gwaggonmu ta tambaye ni ina zan kai, na ce inda ake buƙata. Ilu ya zauna a gindin tukwane, muciyar na kan cinyarsa, don ya manta ya ajiye. Ummi ta koma ciki. Sai babban cikin abokan Khali, wanda suke kira Anti Lami, ya gyara hularsa ya zo ya dafa kafaɗar Ilu ya yi masa gaisuwa. Sauran suka bi baya. 'Yan dakon Khumra da suka zo cin sadaka suka ga abin da ake yi, su ma suka yi layi, har da Bangalin nan. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi kuka kamar yaro. Ana cikin haka shinkafa ta fara kamu. Anti Lami ya ruga yana cewa wallahi da Hajiyar Khumra na raye da ta wanke mu tas, an taru ana kuka an bar mata tukunya tana ƙonewa. Aka yi dariya da hawaye a fuska. A ranar jama'ar titi suka ci shinkafa mai ƙauri, dattijon nan ya sake ƙorafi.

Khali Umar bai leƙo ba. Ya ji labari, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Ummi, daga baya suka shirya ba tare da wani ya tada maganar ba. Har gobe in an ambaci Ilu tashi yake. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya sauya ba.

Nakan tambayi kaina me Khali zai ce da ya ga Jidda ta yau. Ya rasu gab da a bar mata su tuƙa mota. Yanzu ni ke tuƙi, ina kai saƙon abinci gidajen unguwar Abhur. Na san da a gaba zai zauna, ya riƙe ƙofa, yana cewa uwar gaggawa kashe ni za ki yi, sannan in mun isa ya buɗe kwalin mutane ya shinshina ya ce wannan ba miya ba ce. Da ya ga 'yan mata a kanti da ofis da ya ji daɗi. Da ya ga yaran da ke irin tafiyarsa suna ɗora fuskarsu a waya kuwa, da ya ƙwace wayar. Garin ya buɗe ta wurare da yawa, amma ta wajen irinsu ƙofar tana nan yadda ya bar ta, kuma ya fi kowa sanin abin da ke bayanta. Na je Khumra bara. An faɗaɗa siton ya cinye wurin rumfar. Wani mai shayi ya ce min har yanzu tsofaffin 'yan dako in za su yi kwatance sai su ce daura da wurin Hajiya.

Ilu ya daɗe bai bar ɗakin ba. Daga baya kame ya rutsa da shi aka mayar da shi Maraɗi. Muna waya. Yana sayar da masa a bakin tasha, shi da bai iya kunna murhu ba. Ya ce ba ta kai ta Khali ba, na ce ai na sani. Kabari a nan ba a rubuta masa suna, ko da ya dawo ba zai gane wurin ba. Ya ce min wannan bai dame shi ba. Abin da yake tunawa in abin ya taso masa shi ne kujerar.

Na san akwai masu shirin rubuto min wa'azi. Ku adana tawadarku. Khali ya yi sallarsa, ya yi azuminsa, ya ciyar da wanda ke da shi da wanda ba shi da shi, hisabinsa kuma yana hannun da ya fi nawa da naku rahama. Ni abin da na sani kaɗan ne. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, tukwanen ma an raba. Abin da ya bari shi ne ni da na daina jin cewa kuskure ce aka haifa, da Ilu da ya koma gida a matsayin wanda aka yi wa mutuwa.

Yanzu ina zaune da wata a ɗan ƙaramin gida. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ba zan yi bayani ba, an hana ni tun ina sakandare. A wurin dangi "ƙawarta" ce. Ummi in ta yi miya kwano biyu take zubawa, ba ta taɓa cewa komai ba. Makon jiya muna zancen cikar shekarun rasuwar Khali, na ce wa Ummi in na riga ta tafiya ta san inda za ta kai gaisuwa.

Ta ce in rufe mata baki, bakina ba ya faɗin alheri. Ta ci gaba da ninke kaya. Sai da na ɗauki makullin mota na kai ƙofa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ita ba a lungu za ta zauna ba. Kusa da ni za ta zauna."