Ranar Da Matan Unguwarmu Suka Hau Matashi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma safiyar da matan unguwarmu suka cika mini ɗaki wai za su cire mini aljanu tana nan daram a raina. Ko yanzu da nake rubutun nan dariya nake yi.

Ɗinki nake yi a gida, a nan cikin garin Birnin Gwari. Wani ciwon jiri ne ya kama ni, ya fara nuna kansa ne da injin niƙan bayan gidanmu. Da an tayar da shi sai in ga bango ya karkace, ƙasa tana zamewa. Atishawa ma sai ta juya mini ɗaki. Ina jin bugun zuciyata cikin kunnen hagu, har motsin ƙwayar idona ina ji. Da na gaya wa maigidana sai ya ce, "Motsin ido kuma? Ke dai ki samu ki huta." Abin da ya fi ci mini rai shi ne Innata, mahaifiyata, tana Randagi ta tsufa, zuwa can kuma sai a babur, ni kuwa ko kwata zan tsallake sai na dafa bango. Damina biyu ban sa ta a ido ba.

A ƙarshe muka je wani babban asibiti a Kaduna. Aka ɗauki hoton kaina, likita ya nuna mini wani ɗan rami a siririn ƙashin da ya rufe can cikin kunne, wurin da ke daidaita wa mutum tsayuwa. Ya ce ana yin aikin tiyata, amma in fara da sashen motsa jiki. Ma'aikaciyar da na samu a can ba ta ɓoye mini komai ba.

"Hajiya, wannan ba zai toshe ramin ba," in ji ta. "Amma ƙwaƙwalwarki za ta koyi dogara da ido da tafin ƙafa. Kullum za ki yi, ko jirin ya ɗan taso."

Ta koya mini in manna takarda mai babban harafi a bango, in kafe ta da ido ina girgiza kai. Sai tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsa. Sai tsayuwa a kan matashi, ido a rufe, a kusurwar ɗaki. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Ni da 'ya'ya biyar, a ce ina wasan yara?

Wajen sati uku da farawa, ran nan da hantsi, surukata, wadda muke kira Iya, ta zo gidan. Ta yi sallama har sau uku ban ji ba, don na toshe kunne saboda injin. Ta ɗaga labule ta gan ni ina ta girgiza wa bango kai, sannan na hau matashi na rufe ido na baza hannu. Ashe da gudu ta fita.

Ni dai ji na yi an rungumo ni ta baya. Na buɗe ido, ɗaki ya cika da mata da hayaƙin tazargade. Maƙwabciyata mai waina, mace mai jiki, ta riƙe mini kai tana cewa, "Ku fita! Me baiwar Allah ta yi muku?"

Na zare audugar kunnena na ce, "Su wa za su fita?"

"Kun ji ko? Sun fara magana!" in ji Iya.

Da ƙyar na ƙwaci kaina, na ɗauko takardar asibiti na yi musu bayani. Iya ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, har Kaduna kuka je don a ce ki hau matashi?"

"Iya, da wuya fa."

Mai waina ta yi tsaki, ta ce a matsa mata. Ta hau matashin, ta rufe ido. Ban kai biyar a ƙirga ba ta fara lilo, ta kamo labule, ita da shi suka zube cikin kwandon ƙyallayena. Dariya ta ɓarke. Kowacce ta ce sai ta gwada, kowacce ta tangaɗe. Iya ta ce ita girgiza kai za ta yi, ta dafa ƙofa ta fara, ɗankwalinta ya yi tsalle ya faɗa kan keken ɗinki. Sai ni, mai jirin, na hau na tsaya har suka ƙirga talatin. Mai waina ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya juya mini, na zauna daɓas ina dariya har da hawaye.

Daga ranar, kullum da hantsi sai ɗayarsu ta shigo ta ƙirga mini. In na yi ƙyuya, Iya ta aiko a tambaya. Jirin bai rabu da ni duka ba, ƙara mai ƙarfi har yau tana taɓa ni, amma ƙafata ta kama ƙasa. Bayan girbi maigidana ya goya ni a babur, muka bi ta gefen daji, na kafa ido a ƙeyarsa har Randagi. Inna ta shafa fuskata ta ce, "Ashe zan gan ki."

Abin da na koya shi ne, ciwo ba abin kunya ba ne, maganinsa ma haka, ko da ya yi kama da wasa. Sati ukun da na yi ina ɓoyewa su ne suka fi mini wuya.