Ya Fanna Mai Yin Dare da Hantsi

A Katagum aka haifi Ya Fanna, a gidan masu bandar kifi, tun sarauta ba ta koma Azare ba. Da sarki ya tashi, masu sayen kifi suka bi shi, iyayenta kuma suka bi masu sayen kifi. A kasuwar Azare ta girma. Tana da rumfa a can ta yi aure ta fito, ta sake yi ta sake fitowa, har ta kai in akuya ta ɓace ranar kasuwa ita ake tambaya. Gajeriya ce mai babbar murya, ba ta iya raɗa ko a gidan makoki. 'Yarta ɗaya tak, ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jaririya, Zuliha. Ya Fanna na iya faɗa da gari guda, amma in yarinyar nan ta yi atishawa sai jikinta ya mutu.

Bayan yaƙin Turawa na biyu aka matsa sai an sa 'yan mata a elemantare, rabon unguwarsu ya faɗa kan Zuliha. Ya Fanna ta tafi makarantar ta wanke duk wanda ta samu a tsaye. Da hukuma ta ji ƙarfin bakinta, sai aka ce ai irinta ake nema. Aka naɗa ta uwar makaranta, wato dattijuwar da ke tattaro 'yan mata da safe ta mayar da su gidajensu. Ta karɓa ne kawai don idonta ya zauna kan jikarta.

Ana nan sai Baturen makaranta ya zo rangadi da wata dabara da ta burge shi ƙwarai, tun da tasa ce. Ya ce yara ba sa kama Turanci saboda littattafan cike suke da abubuwan da ba su taɓa gani ba. A samo tsohuwa ta yi tatsuniya a aji, malami ya juya ta Turanci, yara su maimaita, a ƙarshe a tatso hali nagari a rubuta a allo. Tsohuwa kuwa ba sai an je nema ba, ga ta can gindin tsamiya tana cin goro.

Malam Maikuɗi, saurayin da ke koyar da aji huɗu, shi aka tura ya faɗa mata.

"Tatsuniya? Yaushe?" in ji ta.

"Da hantsi, Iya."

"Ɗan nan, wa ya raine ka?"

Duk wanda ya sha nono a ƙasar Katagum ya san mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi a kasuwa. Malam Maikuɗi ma da haka aka tsorata shi yana yaro, sai dai yanzu yana da agogo. Ya ce camfi ne. Ya Fanna ta ce ita dai tsohuwa ce, in ta ɓace gari ya huta. "Amma ka ce yara za su maimaita? Har da Zuliha?"

"Ai ita ce kan gaba, Iya. Ta fi kowa kai."

Ya Fanna ta yi lissafi. In ta ƙi, za a sallame ta a kawo wata tsohuwar da ba ruwanta da jikar wani. Sai ta yanke shawara: tun da ba za a kai makaranta dare ba, sai a kawo dare makaranta.

Washegari ta iso da zana da tsofaffin tabarmi da buhunan gyaɗa. Ta toshe tagogi, ta liƙe kowace kafa da laka, ta rataya bargo a ƙofa, ta kunna aci-balbal. Ta hana gaisuwar safiya a cikin ajin, kada tatsuniya ta ji ta gane. Kafin ta buɗe baki sai kowa ya yi hamma, har malam. Daren ya yi kyau fiye da yadda aka nema. Kajin maƙwabta suka riƙa shigowa suna hawa benci su kwanta. Sauro ma ya yarda, ya fito aiki. Malam Maikuɗi yana rubutu a allo da lalube, in an yaye bargo a tarar layi ya hau layi, rabin darasin kuma a jikin bango.

Wajen hali nagari ne aka fi shan wuya, don tatsuniyoyin Ya Fanna ba su san da shi ba. Ta ba da labarin akuyar da ta tsinci allurar kura, ta bi ta har gida ta mayar mata. Kura ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta cinye ta.

"To Iya, mene ne darasin?" in ji malam daga cikin duhu.

"Darasin me? An cinye ta."

Malam ya rubuta gaskiya a allo. Yara suka haddace da Turanci cewa gaskiya abu ne mai kyau, suka kuma ƙudura da Hausa cewa ba za su taɓa mayar wa kura komai ba.

Da Bature ya dawo duba aiki, ya yaye bargo ya shiga, ya yi karo da benci, ya taka kaza. Muryoyin yara suka taso daga duhu suka yi masa sai da safe da Turanci mai kyau. Zuliha ta miƙe ta kawo labarin akuya tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Ya tambayi dalilin duhun. Malam, yana gumi, ya ce dabara ce ta hana yara kallon waje. Bature ya yaba sosai, ya kuma tambayi sunan yarinyar.

Da abin ya tsaya a aji, da Ya Fanna ta sami barci. Amma wata rana ta dawo gida da azahar, ta tarar da Zuliha a tsakar gida, rana ƙwal a kanta, ta tara yaran unguwa tana zuba musu labarin kura. Ya Fanna ba ta doke ta ba. Ta ce, "Ƙawata, daga yau ƙafarki ba ta ƙara taka kasuwa."

Tun daga ranar, in za su makaranta sai su zagaye gari ta bayan gonaki. Don kada yarinya ta biyo ta, ita ma ta bar rumfarta ga maƙwabciyarta Laraba. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Ranar kasuwa takan zauna a ƙofar gida tana jin hayaniya daga nesa, tana ciniki ita kaɗai a ranta. Zuliha ta girma a Azare ba ta san inda ake sayar da gishiri ba.

Sunan da Bature ya tambaya bai manta ba. Aka zaɓi Zuliha zuwa makarantar 'yan mata a Kano. Ya Fanna ta yi faɗa har muryarta ta dushe, wannan karon ba wanda ya naɗa ta komai. Abin da ta samu kawai shi ne rantsuwar yarinyar cewa ko ƙofar kasuwar Kano ba za ta kalla ba.

Shekaru suka tura. Wata ranar kasuwa Laraba ta shigo tana haki. Ta ce motar Kano ta sauke wata malama mai takalmi da lema a bakin kasuwa, tun hantsi take zagaya 'yan ƙwarya. Gidan Ya Fanna take nema, in an nuna mata hanya sai a sake ganinta ta ɓullo ta 'yan tukwane.

Ya Fanna ta fita ko mayafi babu. Ta kutsa kasuwar da ta yi shekaru ba ta taka ba, tana ture mutane. Ta sami Zuliha tsaye da akwati a hannu, idanu sun yi ja.

"Iya, ban san hanya ba."

Ya Fanna ta zauna a ƙasa ta yi ta dariya har da hawaye. Ashe abin da ya hana ta sakat duk shekarun nan ke nan, mutum ya yi yini guda tsakanin ƙwarya da tukunya. Ta ce, "Kin ɓace, an gan ki, ya wuce. Alhamdu lillahi. Yanzu kuma ba inda za ki."

Zuliha ta sunkuyar da kai. "Iya, jibi zan koma. An ba ni aji a Bauci."

Mutanen da suka taru suka ja baya, suna jiran aradu. Ya Fanna ta miƙe ta kakkaɓe zani, ta kama wuyan hannun jikarta. Ba ta bi gajeriyar hanya ba. Layi-layi ta riƙa jan ta, a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Nan 'yan gishiri. Can mahauta, ki bar su a hagunki. Wannan rumfata ce a da." Da suka fito ƙarshen kasuwa ta tsaya ta nuna wani lungu. "Ki duba da kyau, ƙawata. In kin zo ba ki same ni ba, kada ki tambayi kowa. Ta nan ake shiga gidanku."