Kawu Idi Ba Ya Buɗe Akushi Shi Kaɗai

Ku da kuka san Kawu Idi a garin Babban Mutum, kun san tabarmar nan tasa ta bakin hanya. Azahar na yi zai shimfiɗa ta, ya dire akushin tuwon da matar ƙanensa ta aiko, ya zuba wa hanya ido. Ba zai ɗaga murfi ba sai ya kama wanda zai ci da shi. Kamawa fa na ce, domin Kawu bai iya gayyata ba.

Wata ranar kasuwa wani bawan Allah ya zo wucewa yana jan rago. Kawu ya yi wuf ya karɓe igiyar, ya ɗaure a turke.

"Baba, wallahi a ƙoshe nake!"

"Wannan ƙoshin gidanku ne. Wanke hannu."

Kafin mutumin ya gama loma, ragon ya cinye rabin harawar da Kawu ya ɓoye don rani. Muka ce ya jawo wa kansa. Ya ce, "Ina ruwanku? Baƙi biyu na yi yau."

Sai maƙwabcinsa, Malam Tanko. Tun muna yara ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ko gaisuwa babu. Amma in hanya ta yi shiru, Kawu zai ɗaga murya yana fuskantar katanga: "Wani mai cin iyakar mutane ya fito, miya na hucewa!" Sai ga Malam Tanko ya fito yana ƙunƙuni. Su ci, su suɗe, kowa ya kau da kai. Na ce, "Kawu, ku shirya mana." Ya harare ni. "Faɗanmu na gona ne. Me tuwo ya yi mana?"

Ɗansa ya taɓa ɗauke shi zuwa Kano don ya huta. Ba a yi mako ba sai ga shi ya sauko daga mota da ƙullin kayansa. "Kai, ɗan nan, can ba gida ba ne! Kowa da farantinsa, kowa ya shige ɗaki yana latsa waya. Na leƙa waje na kira wani mai turin ruwa, wai maigadi ya ce ba a haka nan."

Mun yi ta dariya. Ba mu lura ba cewa wannan hali sai bayan rasuwar matarsa ya tsiro.

Da Malam Tanko ya rasu, Kawu ya yi sanyi. A daminarsa ta ƙarshe na zo daga Daura na same shi a zaure, ana ta ruwa tun jiya, hanya babu kowa. Ga akushi biyu a rufe, na jiya da na yau.

"Kawu, ba ka ci komai ba?"

"Na gwada. In ni kaɗai ne, a maƙogwaro yake tsayawa."

Na zauna muka ci tuwon nan da sanyinsa, yana zagin ƙanƙantar lomata, ni kuwa hawaye na neman tona min asiri. Bai kai kaka ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya yafe masa, Ya ɗebe masa kewar kabari. Ya Allah, kada Ka bar shi shi kaɗai a can. Amin.